Ranar da Muka Je Ganin Jami'a Mu Tara

Ɗan yayata ya ci JAMB, kuma Jami'ar Bayero, wato BUK, ya cike. Sai ya same ni da wata magana mai hankali: "Kawu, don Allah ka raka ni in ga makarantar nan, kada ranar jarrabawar tantancewa in tsaya tambayar hanya." Kuskurensa guda: a tsakar gida ya faɗa, Gwaggo na gefe tana tankaɗe.

Ranar Talata da hantsi, mu tara muka tsaya bakin titi a Hotoro. Ni da yaron, uwarsa, Gwaggo, Baffa, ƙannensa biyu da aka hana zuwa makaranta don su je su ga makaranta, maƙwabcinmu da ya ce yana da mutum a ciki, sai almajirin gidan ɗauke da kular dambu da jarkar zoɓo. Wanda ya gan mu zai rantse amarya za mu kai, kayan gara ne kawai babu.

Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, adaidaita sahu ce dokin talaka, don haka uku muka tsayar. Ciniki ya ci minti ashirin, Gwaggo tana tuna wa direbobin kuɗin mota na zamanin Shagari. Sai da aka daidaita, ɗayansu ya jefo tambayar da ta raba kawunanmu: "Wace BUK ɗin? Tsohuwa ko Sabuwa?"

Muka yi tsit. Baffa ya gyara hula. "Yaro, BUK guda nawa ce? Na san ta tun tana Kwalejin Abdullahi Bayero a ƙarƙashin jami'ar Zariya, kafin ta tsaya da ƙafarta a 1977." Tarihin daidai ne. Abin da bai faɗa ba shi ne, sanin nasa bai wuce rana ɗaya ba, da ya kai wa wani ɗalibi saƙon garin kwaki. Amma a gidanmu furfura ita ce taswira, sai muka bi titin BUK: Gidan Murtala, Ƙofar Na'isa, Gadon Ƙaya, ganuwa na rakiyarmu har Tsohuwa.

Can wani ɗalibi mai kirki ya tambaye mu, me yaron zai karanta? Uwarsa ta ce likita. Baffa ya ce lauya, don akwai rigimar gona da ta shekara goma sha biyu tana jiran sa. Maƙwabci ya ce in likita ne ai mun yi ɓatan kai, Asibitin Malam Aminu Kano za mu nufa, can titin Zariya, wato mu koma inda muka fito. Ana cikin musu, mai karatun ya ce cikin ƙaramar murya, "Aikin jarida na cike." Gwaggo ta dube ni kamar ni na shafa masa cutar. Ɗalibin ya ce to wannan sai Sabuwa, titin Gwarzo.

An ce matambayi ba ya ɓata. Wanda ya fara faɗin haka bai taɓa tambayar hanya a garin nan ba. Mu dai "ban sani ba" ta fi mana zagi ciwo. Ka tambayi mai rake, zai ajiye wuƙa, ya miƙe tsaye, ya nuna maka gabas da cikakken yaƙini. Mai faci da ke kusa da shi zai ce a'a, yamma ce. Sai su manta da kai, su kama gardama da juna. Abu ɗaya suka yarda da shi su duka: "Nan kusa ne, ba nisa." Kusan Bahaushe kuwa, in ba ka yi guzurin ruwa ba, ka shiga uku.

Yaron ya ciro waya ya kunna Google Maps, wata mata ta fara ba da umarni da Turanci. Gwaggo ta saurara, ta ce, "Wannan 'yar wace unguwa ce da za ta koya mana Kabuga?" Aka kashe ta. Sakamakon haka adaidaita ɗaya ta shige gadar ƙasa, ɗaya ta bi ta sama, ta ukun, mai ɗauke da dambu, ta yi hanyar da har yau ba a yi mini bayaninta ba. Muka sake haɗuwa a Rijiyar Zaki bayan kira goma sha, kowa na cewa "ga ni nan daidai wajen masallaci", kamar masallaci ɗaya ne a Kano. Baffa kuwa sai nuna benaye yake yana cewa nan duk gonar dawa ce, cikin muryar wanda aka ci amanarsa.

Azahar ta yi kafin mu isa ƙofar Sabuwa. Muka sallami masu adaidaita don tsimin kuɗi, sannan muka gano cewa daga ƙofa zuwa inda ake karatu wata tafiyar ce mai zaman kanta. Mutumin maƙwabcinmu kuma, da aka kira shi, ashe ya yi ritaya shekara huɗu da suka wuce, yana kiwon kaji.

Gindin wata bishiya muka yada zango. Aka buɗe dambu. Aka tsayar da yaron gaban wani dogon gini, aka ɗauke shi hoto da kowa ɗaya bayan ɗaya, har almajiri. Duk lokacin da ya ce bari ya leƙa tsangayarsu, sai a ce tsaya, saura da Baffa. Kafin la'asar hoton ya hau WhatsApp da rubutun "Alhamdulillah, ɗanmu ya shiga jami'a". Ya shiga kam, ta ƙofa. Sunayen waɗanda aka ɗauka ko fitowa ba su yi ba, amma 'yan unguwa sun fara kiran sa Dakta, Gwaggo kuma ta fara zancen ankon bikin yaye ɗalibai.

Ajin da zai zauna, ɗakin karatu, inda ake hawa motar ɗalibai, ko ɗaya bai gani ba.

Da daddare ya bugo mini. "Kawu, jibi zan koma, mu biyu kawai. Don girman Allah kada ka faɗa wa kowa." Na yi masa alkawari, kuma na cika, in ban da uwargida da na ɗan gutsura wa. Zuwa safiya an kai mutum goma sha ɗaya, kuma Gwaggo ta ce wannan karon waina za a yi.