Ku Masu Rantsuwa Rezo Ya Bar Kurfai

Tun daren da na furta a fada cewa mafi yawan ciwon intanet ɗin mutanen Filinge a cikin aljihunsu yake kwana, ban sake shan shayi da daɗin rai ba. Mai zuba shayin ya tsallake ni a kofin farko, ya ce hannunsa ne ya kuskure. Wani taubashina ya ce zaman Yamai ya lalata ni, wai kilomita 180 kacal na yi daga gida amma na dawo ina magana kamar ɗan kamfani. Kawuna kuwa bai tsaya ƙananan maganganu ba. Saƙon murya ya aiko mini na minti bakwai cur, yana rantsuwa da girman Allah cewa wata uku ke nan ba a ga rezo a unguwarsu ba. Ta WhatsApp ya aiko shi. Kawu, Allah ya ja da ranka, a kan jaki saƙon ya iso ni?

To ku gyara zama, 'yan Kurfai, mu yi ta a fili.

Kun ce: "Ga sanduna huɗu cif a goshin waya, amma ko hoto ya ƙi buɗewa. In ba cuta ba, mene ne?" Ku da aka haifa a bakin rijiyoyin Dallol Boso bai kamata wannan ya ɗaure muku kai ba. Sandunan nan igiya ce. Abin da suke faɗa maka shi ne wayarka tana jin anten da kyau, wato igiyarka ta kai ƙasa. Ko akwai ruwa a rijiyar, ko guga nawa ne suka riga naka sauka, wannan ba su san shi ba. Ranar kasuwa, in mutanen Shikal da na Luma da na Tunfalis suka cika gari, ga Buzaye da Fulani da dabbobinsu, ga dillalan Yamai, kowa da waya a hannu, anten ɗin nan guda shi ne zai shayar da kowa. Igiyarka lafiya lau take, layi ne ya yi tsawo. Gwada saukar da bidiyon nan bayan sallar asuba, lokacin da masu TikTok ke sharar barci, ka ga yadda zai zubo. Wanda ya taɓa kai shanu rijiya da rani ya san dalilin yin sammako.

Kusa da sandunan akwai wani ɗan harafi da ba ku taɓa yi wa kallon arziki ba. In ka ga E, kana kan tsohuwar hanya ta 2G: saƙon rubutu zai wuce, na murya zai rarrafa, bidiyo kuwa sai dai ka yi masa addu'a. H ko H+ shi ne 3G. In ka ga 4G ko LTE ka hau kwalta. Abin da ke ba mutane wahala a ƙauyukan gefe shi ne wayar da ke tsalle tsakanin waɗannan, ta kama 4G mai rauni, ta saki, ta koma 3G, ta sake kwaɗayin 4G, kamar akuyar da aka zuba wa dusa a akushi biyu. Shiga saitin layi, wajen da ake zaɓar nau'in rezo, ka ɗaure ta a kan wanda ya fi tsayawa a inda kake. Ka dai tuna ka kwance ta in ka shigo gari.

Na ji taubashin nan nawa yana gunaguni: "Mu ba 'yan lakkwal ba ne, wayar da Faransanci take magana." Yo kai da kake ciniki da Zabarmanci da Buzanci a kasuwar Balleyara, har ka cuci mai harshen, kalma biyar ta Faransanci ce za ta kayar da kai? Alamar jirgin sama ma ai ba karatu ba ce, hoto ne. Danna ta, ka ƙirga goma, ka sake dannawa. Abin da ka yi shi ne ka sa wayar ta saki anten ɗin da ta maƙale wa tun a hanya, ta sake yin sallama ga wanda ya fi kusa. Duk wanda ya sauko daga motar Yamai wayarsa ta yi gum, wannan ne maganin farko, kuma kyauta ne. In bai yi ba, kashe ta gaba ɗaya ka kunna. Na san wayoyin da tun ranar da aka ciro su daga kwali ba su taɓa hutawa ba sai in batir ya mutu.

Sai zancen layi biyu. Kamfanoni huɗu muke da su a Nijar: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecoms. Sunayen ma sun sha canji. Celtel ta zama Zain a 2008, Zain ta zama Airtel a 2010. Orange ta sayar da reshenta na Nijar a 2019, aka samu Zamani. Sonitel da SahelCom suka haɗe a 2016, aka samu Niger Telecoms. Dattawanmu har gobe da tsofaffin sunayen suke kiransu, ba kuma wanda ya isa ya gyara musu. Kusan kowace Tecno ko Itel da ke garin nan layi biyu take ɗauke da su, kuma ɗaya ne kawai ke jan intanet a lokaci guda. Na ga mutum, da gemunsa, ya sayi forfe a layin farko, wayarsa kuwa tana kan na biyu. Forfen na nan kwance bai taɓu ba, kiredin ɗaya layin yana ta zurarewa. Ya zagi kamfanin farko don bai ba shi abin da ya saya ba, ya zagi na biyu don ya cinye masa kuɗi. Zagi biyu a kan laifin yatsa ɗaya. Ba zan faɗi sunansa ba, amma shi ne ya tsallake ni a kofin farko.

Yanzu mu zo kan babbar ƙarar, wadda Gwaggo ta shigar. Ta ce jikanta ya sa mata mega da safe, kafin azahar babu ko ɗaya, alhali ko taɓa wayar ba ta yi ba, tana kan turmi. Hukuncinta: ko ɓarayi ne ko iskoki. Gwaggo, ban raina zancenki ba. Ƙasar Kurfai ba baƙuwar iskoki ba ce. A Shikal ne Babule suka ɓullo wajen 1925, suka tayar wa Nasara hankali, labarinsu ya bi 'yan ci-rani har Akara, inda Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauki fim a kansu. Amma ko su, duk rigimarsu, ba a taɓa jin sun ci mega ba. Na karɓi wayar na duba. Gwaggo tana cikin zaurukan WhatsApp goma sha ɗaya: na dangin uwa, na dangin uba, na matan unguwa, na adashe, na wa'azi har kashi uku, da sauransu. Kowane bidiyo da aka jefa a ciki, wayarta na saukar da shi da kanta, ko ta kalla ko ba ta kalla ba. Bikin da aka yi a Abidjan, ita ta biya kuɗin kallonsa tana daka gero a Filinge.

Gyaran bai kai minti biyu ba. A saitin WhatsApp, wajen ajiya da bayanai, an cire alamar saukar da hoto da bidiyo kai tsaye. A Play Store an hana manhajoji sabunta kansu sai a kan Wi-Fi. A Facebook an hana bidiyo tashi da kansa. Sannan na nuna wa jikan inda waya ke rubuta lissafin kowace manhaja da megan da ta sha, ɗaya bayan ɗaya, kamar littafin mai kanti. A nan ne yaron ya fara kallon ƙasa, don na biyu a jerin wani wasan ƙwallo ne da Gwaggo ba ta san da zamansa ba. Iskokin dai sun bayyana, da gajeren wando.

Haka zancen raba konekson. Ka buɗe wa abokinka don ya aika saƙo ɗaya, ka ba shi kod. Wayarsa ta riƙe kod ɗin har abada, kuma a ganinta Wi-Fi ta samu na banza, sai ta kwance ɗamara ta shiga sabunta duk abin da ta daɗe tana jira. Ban da haka, wayoyin Android na yanzu suna iya nuna kod ɗin a matsayin ɗan hoto mai murabba'i, wani ya ɗauka da kyamara ya shige ba tare da ya san ko harafi ɗaya ba. Ka ba mutum guda, kafin magariba samarin layinku duka suna sha a kwaminka. Duba jerin waɗanda ke haɗe da kai, ka rage adadin da aka yarda su shiga, ka canza kod. Kuma don Allah a bar sa 12345678. Wannan ko ɗan yaye ya haddace shi.

Ga masu sayen tikiti a wuraren Wi-Fi, waɗanda suka yawaita tun da Starlink ya fara aiki a hukumance a Nijar a 2025, akwai nasu kukan. "Ya rubuta an haɗa, amma babu komai." Alamar Wi-Fi ma igiya ce, gajera ma, daga wayarka zuwa akwatin mai shago kawai. Daga akwatin zuwa faranti, daga faranti zuwa taurarin da ke shawagi kimanin kilomita 550 a sama, wannan wata tafiya ce daban, kuma hadari mai nauyi na damina yakan taɓa ta. Sau da yawa ma shafin da ake rubuta lambar tikiti ne bai buɗe ba. Kashe intanet na layi tukuna, ka ce wa wayar ta manta da wannan Wi-Fi, ka sake shiga. In sunaye biyu ka gani, ɗaya da 5 a wutsiya, wancan ya fi gudu amma ba ya son katanga, mai 2.4 ya fi juriyar nisa. Katangar laka mai kauri da ƙofar ƙarfe da rufin kwano duk suna rage ƙarfinsa. Kana ƙuryar ɗaki, ka ja ƙofa, ka lulluɓa da bargo don kada uwargida ta ga abin da kake kallo, sannan ka ce mai shago ya cuce ka dala ashirin.

Abubuwa biyu kuma da ba mai zarginsu. Agogon waya: in batir ya mutu ta farka tana ganin shekarar da ta wuce ce, shafuka za su ƙi buɗewa, WhatsApp ya yi yaji, har sai an gyara kwanan wata. Sai VPN. Da aka rufe intanet na wayoyi har tsawon wajen kwana goma, bayan zaɓen Fabrairun 2021, mutane da yawa sun cusa shi a waya bisa jita-jitar cewa shi ne mafita. An buɗe intanet tuntuni, su ba su cire ba, wasu ma sun kwashe shi zuwa sabuwar waya kamar gadon gida. Saƙonka zuwa Tukunus, nan da ɗan taƙi, sai ya fara zagayawa ta wata ƙasar Turai. In ka ga ɗan makulli a goshin waya, shi ne.

Ina jin Kawu yana gyaran murya, don haka bari in ba shi nasa kafin ya sake aiko minti bakwai. Akwai ranakun da gaskiyarku ce tsantsa. Anten da kuran yake aiki, ko da inji, ko da batir da hasken rana. In waɗannan suka gaza, ko ka danna jirgin sama sau ɗari ba abin da zai tashi. Mun ga yadda aka sha duhu bayan Najeriya ta yanke wuta a watan Agustan 2023. Ƙasarmu ba ta da teku, intanet ɗinmu ta wayoyin ƙarƙashin ƙasa yake shigowa daga maƙwabta, kuma ranar 14 ga Maris 2024 da manyan wayoyin cikin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama sun ji a jikinsu. Akwai kuma abin da ba na wasa ba: a sassan jihar Tillaberi masu ɗauke da makamai sun sha lalata anten, suka bar garuruwa ba kira ba saƙo. Wanda ke can, ba saiti ne matsalarsa ba, kuma ba da shi nake zolaya ba. Allah ya kawo mana zaman lafiya.

Yadda za ka gane naka ne ko na gari ne, ba ya buƙatar boko. Tambayi na kusa da kai mai layi irin naka. In nasa ma ya tsaya, ku haɗu ku yi zagin tare, ni ma a ajiye mini wuri, kuma hukumar ARCEP don irin wannan ƙorafin aka kafa ta. In nasa yana gudu naka na kwance, to Malam, sauko daga kan rumbun nan kafin ka karye, ka sa hannu a aljihu.

Kawu, ranar kasuwa mai zuwa ina tafe. Ka caja wayar, ka tuno kod ɗin buɗe ta, kada a sake cewa yaron da ya sani ya tafi Libiya. In na duba na tarar laifin kamfani ne, cukun Tukunus na wannan zuwan a wuyana. In kuwa na tarar da zaure goma sha ɗaya da ɗan makulli, kai za ka saya, kuma a gaban 'yan fada za a ci.