Masana Hanya Tsakanin Ƙanƙara da Sabuwa

Duk wanda Allah Ya ƙaddara masa yawan zirga-zirga daga Ƙanƙara ta Sheme zuwa Funtuwa, daga nan ya miƙe Ɗandume har Sabuwa, ya san cewa motar haya ba ta barin tasha sai da masanin hanya a cikin fasinjojinta, ko da kuwa direban ya yi furfura a kan wannan titi.

Limaminsu shi ne almajirin taswirar waya. Shi wannan bawan Allah, tun yaron mota bai gama ɗaure kaya ba ya buɗe Google Maps, ya ɗora wayar bisa gwiwa, ya sunkuya da irin khushu'in da ba lalle ne a gan shi da shi a sallar Asuba ba. Kuma da yake ya yi wa baturiyar da ke magana a ciki cikakken taƙlidi, duk abin da ta faɗa nassi ne, abin da direba ya faɗa kuwa ƙauli ne mai rauni. In ta ce saura minti 40, nan take zai buga waya gida ya ce a kwashe tuwo, alhali ita ba ta san ranar kasuwar Sheme ba, sa'ad da shanu da manyan motoci ke cinye titi, ba ta san shingayen jami'an tsaro ba, balle ramukan da damina ta haƙa. Da mota ta kauce wa shuɗin layin taswirar sai ka ji, "Direba, ka fa saki hanya!" Direba ya ce, "Malam, inda kake nunawa rafi ne." Ba zai gamsu ba, sai dai ya ce rafin ne ya saɓa wa taswira. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, an ga irinsa sun yi jugum cikin mota kamar marayu.

Akwai mai "nan kusa ne", wanda ke nuna Daudawa da leɓe. Akwai mai yanke, wanda yankensa ke ƙarewa a gonar masara.

Sai kuma wanda taswirarsa ke cikin tumbinsa, wanda bai san kilomita ba, amma ya haddace inda balangu ya fi laushi, da mai wainar da ba ta rowar miya, da inda ba a tsinka nono da ruwa. Ba zan tsananta wa wannan ba, domin malamai sun hana mutum ya yi alƙalanci a shari'ar da yake da rabo a cikinta.

Wanda ya fi ƙarfin raha shi ne mai fatawar "hanya lafiya lau". Yana zaune a benci, rabonsa da titin tun bara, amma baƙo ya tambaye shi bayan La'asar sai ya ce, "Bi kawai, ba komai," a yankin da kowa ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa matafiya. Ba jahilcinsa ke ba ni haushi ba, ƙin cewa "ban sani ba" ne, alhali ran wani ne a kai. Mai karatu, in za ka bi hanyar nan, tambayi direban da ya shigo tasha yanzu, kuma ka tashi da hantsi.