Wa Ya Jefa Kokwamba a Zoɓona?

Ranar Asabar ɗin nan aka miƙo min kofin zoɓo a wurin suna a Gazawa. Na yi bismillah na kai baki, sai wani abu mai sanyi ya daki leɓena. Na janye kofin na leƙa. Kokwamba ce. Yanka guda, kore shar, tana shawagi a kan zoɓon hankalinta kwance. Ga ganyen na'ana'a a gefenta, ga ɓarin lemo an soke a bakin kofi, ga wani jan abu ya nutse can ƙasa ya ƙi fitowa.

Don kada in kunyata gidan ƙanwata a gaban baƙi, sai na yafito ɗiyarta mai karatu a Maraɗi, na rage murya.

"Ke, zo nan. Salad ɗinku ya faɗa cikin zoɓo."

"Haba Kawu! Kwaktel ne fa. Irin na Ingila."

Ta zaro waya ta nuna min. Wata Baturiya ce a cikin lambu, sanye da malafa, tana tsiyaya wani abu launin shayi a cikin tulun gilashi, tana zuba ƙanƙara da kayan miya a kai, tana murmushi. Ƙarƙashin bidiyon kuwa mata ne daga Damagaram har Dogon Dutse suna rubuta "Masha Allah, zan gwada."

To, ku da za ku gwada, bari in gaya muku abin da Baturiyar nan take tsiyayawa. Sunansa Pimm's. Wani James Pimm ne ya haɗa shi a Landan wajajen 1840, a shagonsa na sayar da kawa, wai don ya taimaka wa masu cin kawar narkar da abinci. Tushensa giyar jin ce, kuma kashi 25 cikin ɗari na kwalbar barasa ce zalla. Sai a tsinka shi da lemon kwalba, a zuba kokwamba da sitiroberi da lemo da na'ana'a. Shi ake sha a gasar tanis ta Wimbledon duk shekara, ɗaruruwan dubban kofuna cikin mako biyu. Da na faɗa wa ɗiyar ƙanwata haka sai ta dafe ƙirji ta ce, "A'uzubillahi, Kawu, ai namu babu giya!" Na sani. Matsalar ke nan. Kun cire abin da ke sa Bature ya jure kokwambar, kun bar mana kokwambar.

Kuma wai abin sha ne na zafi. Zafin wa? A Landan in watan Yuli ya kai digiri 23 ko 24, sai ka ga an tuɓe riguna an baje a ciyawa ana godiya. Ranar 19 ga Yuli 2022 da awon zafi ya kai digiri 40.3 a wani gari mai suna Coningsby, karo na farko ke nan da Birtaniya ta haye 40 a tarihinta, sai da hukuma ta yi shelar gargaɗi mafi tsanani, jiragen ƙasa suka tsaya, wasu makarantu suka sallami yara. Mu nan tsakanin Afrilu da Mayu, 40 ce ranar da tsofaffi ke cewa yau da sauƙi, a tashi a je sharar gona. Mutumin da zafinsa bai kai sanyin asubarmu ba, shi ne zai koya mana yadda ake kashe ƙishirwa.

Ba kai tsaye abin ya zo daga Landan ba, sai da ya yada zango. A Legas akwai mai kama da shi, Chapman, wanda ake cewa a kulob ɗin Ikoyi aka fara haɗa shi: Fanta da Sprite da jan siro da kokwamba. Daga can ya hau motar Kano ya shiga ɗakunan biki, daga Kano ya biyo amare da 'yan kai lefe ya tsallako Maraɗi. Hajiyoyin da ke rantsuwa ba su taɓa kusantar barasa ba su duba ƙaramar kwalbar nan ta Angostura da ake ɗigawa a Chapman, mai takarda da ta fi ta tsawo. An rubuta 44.7 a jikinta, kuma ba farashi ba ne. Ni dai na faɗa, na sauke nauyi.

Mu koma kan kokwamba, don ita ce ta hana ni barci.

Abu na farko, babu wanda ya san hukuncinta. Ana cinye ta ne, ko ado ce? In ka ci, ka nuna kai baƙauye ne mai cin kwalliya. In ka bari, ka yi almubazzaranci. In ka sa yatsa ka tsamo ta, duk rumfar ta gan ka. In ka ƙyale ta, duk kurɓar da za ka yi sai ta taso ta toshe maka hanci. Wani dattijo Bagobiri da ya zo tun daga Tibiri yana kusa da ni, ya daɗe yana juya kofinsa yana nazari, can ya kira yarinyar ya ce, "Ɗiyata, wanga abu, shan shi za a yi ko cin shi? In ci ne a kawo ruwan wanke hannu." Da ba a ba shi amsa ba, sai ya tsamo ta da ɗan'ali, ya karkaɗe, ya naɗe a gefen hankici ya jefa aljihu tare da goro. Allah kaɗai ya san abin da iyalinsa suka ce da aka zo wankin rigar.

Liman kuwa dabara ya yi. Ya faki ido ya wurga tasa bayan rumfa, inda akuyar gidan ke ɗaure. Akuyar da na sha ganin tana cin kwalin siminti da ledar omo ta matso ta sansana, ta ɗaga kai ta dubi Liman, ta juya masa baya.

Sannan ga tsinken zuƙa. An ba kowa, har da masu gemu. Ka ga magidanci mai 'ya'ya goma sha da jikoki, wanda in ya yi gyaran murya a unguwarsu yara ke watsewa, ya tsuke baki yana zuƙa, ƙwayar kokwamba ta toshe tsinken, ya zuƙa da ƙarfi har kumatu suka lotsa, ya hura, zoɓo ya yi tartsatsi a kan farar shaddarsa. Bai ce komai ba. Babu wanda ya ce komai. Duk muka maida ido kan ragon suna.

Tun da aka yanke Gazawa daga Aguié aka ba ta gundumarta a 2011, ban ga wani abin zamani da ya iso garin nan da sauri irin wannan ba. Kuma na san inda za a ƙare. Bana kokwamba, baɗi tumatir, saboda wata a TikTok za ta ce yana gyara fata. Daga nan albasa, sai ɗan tattasai don launi. Ranar da aka barbaɗa ƙuli-ƙuli aka ɗiga man gyaɗa, sai a kawo cokali mu san kwaɗo muke ci. Ina kuma jiye wa fura. Duk ranar da na ga yankan kokwamba a cikin ƙwaryar fura a kasuwar Gidan Rumji, zan je fadar Sarkin Gobir da kaina in shigar da ƙara.

Wani zai ce to mene ne, ai kowa da ra'ayinsa, kuma yara ne. Haka ne. Amma ga abin da ya ƙona min rai, kuma a nan ba wasa nake ba. Mutane sun taso daga Gidan Rumji, sun ratsa Tibiri da Maraɗi da Tchadoua da Aguié a kan babbar hanya cikin motar haya da rana tsaka, sun sauka maƙogwaro a bushe, babu wanda ya miƙa musu ruwa. Ruwa kawai, na randa, a moɗa, wanda ko a gidan da ba a ɗora tukunya ba baƙo yakan samu kafin a tambaye shi gajiya. An jera kofuna a kan tebur an lulluɓe da leshi, an ce kowa ya dakata, ba a yi hoto ba tukuna. Wata tsohuwa ta miƙa hannu, aka ce, "Kaka, ɗan jira, za ki ɓata jerin." Tsohuwar da ta yi wa uwar mai jego wankan jego! Sai da aka ɗauka ta sama, aka ɗauka ta gefe, aka sake saboda hasken bai yi ba, aka ɗora a WhatsApp, sannan aka ce bismillah. Kafin nan ƙanƙarar ta narke, na'ana'ar ta yi yaushi, tsohuwar ta tashi da kanta ta nufi randa.

Ga sukari. Ga hodar leda mai ƙamshin abarba, alhali an yanka abarbar gaske a ciki. Ga kala. Zoɓo fa, wanda in ya ɗiga a riga sai ka yi sallama da ita, shi ake ƙara wa ja. Yara suka yini suna nuna wa juna harshe. Rabin dattawan rumfar kuwa an hana su sukari a asibiti, amma kunya ta sa suka shanye, aka bar Allah da sauran.

Ƙanƙarar ma labari ce. Wutar da ke daskarar da ita daga Katsina take zuwa, a layin nan mai kilobolt 132 da ke sauka a nan Gazawa kafin ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Wanda ya manta abin da ya faru a Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar bayan juyin mulki, ya tambayi matan da ke ƙulla zoɓo da lemurhari a leda suna ba yara talla. Firiji ya koma kabad, ɗan ƙullin ƙanƙara ya zama abin da ake yi wa layi. Wato wuta daga Najeriya, dabara daga Najeriya, asali daga Ingila. Namu a cikin kofin nan yakuwa ce kawai, ita ma an rufe mata fuska.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a ina ake wannan abu. A ƙasar aya! Duk Nijar babu inda ake noman aya kamar jihar Maraɗi, kuma a Maraɗin ma sai ka ambaci Aguié da Tchadoua da Gazawa. Wanda ya taɓa tsayawa a gonar aya lokacin tono ya san ba kuɗin banza ba ne. A ƙone ganyen, a tono ƙasar, mata su wuni da rariya suna tankaɗe rairayi, ƙura ta rufe su har ba ka gane fuskar maƙwabciyarka, su dawo gida suna tari. Sai a ɗura a buhu, 'yan kasuwa su loda, wata ta tsallaka Najeriya, wata ta kai har Sifen. Can a Balensiya suna jiƙa ta su markaɗa su tace su sanyaya, su kira ta horchata, su zuba a dogon kofi, masu yawon buɗe ido su yi layi su biya da yuro. Suna noma tasu, amma ba ta isar su, shi ya sa suke saye daga Nijar da Mali da Burkina Faso. Kunun aya ne, jama'a. Kunun ayar da ake ƙulla wa yaranmu a ledar dala biyar.

Kuma ina tabbatar muku, ranar da wata Baturiya ta sa malafa ta tsaya a lambu ta markaɗa aya a gaban kyamara, washegari duk amaren Aguié za su nemi hanyar haɗa horchata. Za a aika Maraɗi a sayo ayar da aka wanke aka ƙulla a leda mai rubutun Turanci, bayan buhunta na jingine a zauren gidan. Za a zo a ce min, "Kawu, ɗanɗana, irin na Sifen ne." Ni kuma zan ɗanɗana in ce ban taɓa shan irinsa ba, don a zauna lafiya.

Ba sai an jira Baturiyar ba. Wadda ke da biki ko suna a watan gobe, tiya biyu ta aya ta ishe ta, da dabino, da ɗan citta da kanumfari, kwakwa in da hali. A wanke ayar sosai a tsince tsakuwa, don haƙorin baƙo amana ne. A jiƙa tun dare, a kai inji da sassafe, a tace da ƙyalle mai tsabta, a sa a sanyi. A fara ba mutane ruwa, sannan a kawo shi, kuma a shanye kafin la'asar, don kunun aya ba ya jiran mai hoto, tsami yake yi.