Sarakunan Kwamfuta da Rabon Larduna

Tun da kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fito da wasan Europa Universalis IV a 2013, duniya ta cika da sarakunan da ko akuya ba su taɓa kiwo ba. Wasan yana ɗaukar ka ya dire a shekarar 1444, ka zaɓi ƙasa, a danƙa maka larduna, ka shiga fama da haraji, fatauci da mayaƙa. Har Kano, Katsina da Zazzau suna cikin taswirar, ga mai jin zai iya ja da Songhai.

Waɗanda suka tsara wasan sun iya mugunta, domin duk alherin da suka ba lardi sai sun rataya masa wutsiya. Lardin kan duwatsu yana da wuyar ci da yaƙi, amma raya shi akwai ɗan karen tsada. Lardin zinariya yakan cika baitulmali, sannan ya jawo hauhawar farashi. Ka sakar wa lardi mara, tawaye ya lafa, haraji ya ragu. Ka ja linzami, kuɗi su shigo, 'yan tawaye na biye da su. Kana cikin wannan lissafi sai a ce an ga tauraruwa mai wutsiya, zaman lafiyar ƙasa ya ragu. A nan kam Turawan sun yarda da kakanninmu: ganinta ba alheri ba.

To, shi ɗan wasa bai ƙi a daidaita ba. Kullum ma adalci yake kira. Sai dai duwatsun da ke iyakarsa baiwa ce daga Allah, na iyakar maƙwabci kuwa kuskuren kamfani ne da ya kamata a gyara yau-yau. Za ka ji shi yana kumfar baki: "Wallahi Daular Usmaniyya ta yi ƙarfi da yawa, a rage mata, wannan ai zalunci ne!" Washegari ka iske shi ya ɗauki Usmaniyyar, yana lamushe maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Ka tuna masa maganar jiya, ya ce, "Haba Malam, ai tarihi ne ya zo da haka." (Na san wasu masu rabon gado da irin wannan ilimin tarihi.)

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne lardin da ke bayan kujerarsa. Mutumin da zai raba dare yana auna ko kasuwa zai gina ko barikin soja, shi ne uwargida za ta ce wa, "Maigida, gas ya ƙare, ga kuɗin makarantar yara," ya amsa ba tare da ya waiwayo ba: "Ki ɗan dakata, ana tawaye a kudu." Bai san na cikin gida ya fi kusa ba.

Uwargida, wasan nan ba ya ƙarewa sai 1821. Ki rufe masa tuwonsa, ki je ki kwanta.