Ranar da Kwamfutata Ta Ji Ɗumi

Har yanzu ban kunna wayata ba. Tun daren jiya na kashe ta, domin na san abin da ke jirana a zauren WhatsApp na dangi, kuma ban shirya ba. Da biro nake wannan rubutu, a bayan littafin lissafin ƙanena. Kwamfutar tana ƙarƙashin gado, mun daina magana.

Mako biyu kafin bikin ƙanwata shaiɗanin son a sani ya raɗa mini cewa in ɗora wa kwamfutata sabuwar babbar manhaja wadda ba a gama ƙerawa ba. Babbar manhaja ita ce uwargida a cikin kwamfuta, ita ke raba wa kowa aiki, daga allo har lasifika. Kafin a sake ta a kasuwa, masu yin ta sukan fitar da samfurin gwaji, wanda ake kira beta, don masu ƙarfin hali su ɗanɗana miya tun tana kan wuta, su faɗi inda gishiri bai ji ba. Microsoft ya buɗe wa kowa irin wannan ƙofa a Oktoban 2014, Apple ma a shekarar ya bar jama'a suka gwada tasa, masu Ubuntu kuwa sau biyu a shekara suke fitar da sabuwa, Afrilu da Oktoba, kuma kowacce sai an yi gwajinta 'yan makonni kafin nan. Ba zan faɗi wadda na ɗauko ba, don mutanen ba su ci mini komai ba. Sun rubuta gargaɗi ɓaro-ɓaro: kada a ɗora a kan kwamfutar da ake cin abinci da ita, a kwafe kaya a adana a wani wuri, in so samu ne a gina ƙwaryar kwamfuta ta bogi a cikin ta gaske a yi wasan a can. Na danna "na yarda" da irin saurin da ake sa hannu a takardar karɓar kuɗi.

Dare biyu na yi ina sauke ta da datar tsakar dare, ina ƙudundune cikin bargo a ɗakina na Unguwar Rogo, a Jos. Da ta hau, sai ga wani ɗan rubutu ya maƙale a kusurwar allo yana cewa wannan samfurin gwaji ne, da wata doguwar lamba a gefe. Ni kuwa na ɗauke shi lambar girma. Har wajen mai shayi na kai ta a Terminus, ina buɗewa ina rufewa, ina gaya wa duk wanda ya kalle ni cewa abin da nake amfani da shi sai baɗi zai iso hannun talakawa. Ashe kallon kitse nake wa rogo, ga shi kuma a unguwarsa nake kwana.

To, jiya Asabar aka yi dina. Aikina ɗaya ne tak: in haska hotunan amarya da ango a majigi, guda 140, tun daga na goyo har na kamu, da ɗan kiɗa mai taushi a ƙarƙashi. Don kiɗan ne mai kayan sauti ya jona kwamfutata da manyan lasifikokinsa guda huɗu. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Hoto na ɗaya lafiya, na biyu lafiya. A na huɗu, inda amarya take 'yar shekara uku tana kuka da majina, abu ya tsaya cak. Minti guda cur ƙanwata tana kuka a jikin bango, faɗinta ya kai ƙofar gareji. Jama'a suka yi dariya, suka ɗauka tsari ne. Daga nan bango ya yi baƙi ƙirin. A gabana kwamfuta tana aiki sumul, amma ta rantse ba ta taɓa ganin majigin nan ba a rayuwarta.

Na san ciwon. Tsakanin babbar manhaja da kowace na'ura akwai wata 'yar manhaja mai yin tafinta, masu gyara suna ce mata direba. Uwargida sabuwa ce fil, tafinta tsoho ne, sai aka daina fahimtar juna. Na cire waya na mayar, na kashe na kunna. Em-si ya matso ya rufe abin magana da tafin hannu ya ce, "Malam, yaya ne?" Na ce, "Matsalar direba ce, yanzu zan gyara."

Daga teburin manya wata murya ta ce, "Wane direban? Ga ni nan."

Kawu ne, yayan mahaifiyarmu. Shekara arba'in ya yi a kan sitiyari. Ya yi jigilar kuza tsakanin Bukuru da Barikin Ladi tun yana saurayi, da kasuwar kuza ta rushe a 1985 ya koma ɗaukar dankalin turawa daga Bokkos zuwa Kano. A wajensa duk wani abu mai ƙara inji ne, kuma duk inji ciwonsa ɗaya. Ya taso da sandarsa, da babbar riga a kan suwaita a kan wata suwaitar, da mafila a wuya, ya tsaya a kaina yana leƙe.

"Ɗan nan, ka bar ta ta yi ɗumi kafin ka ɗora mata kaya?"

"Kawu, ba mota ba ce."

"Na ji ba mota ba ce. Ka bar ta ta yi ɗumi?"

Na ce a'a. Ya gyaɗa kai irin na likitan da ya gano cuta tun daga bakin ƙofa. Ya juya ya fuskanci jama'a, don Kawu ba ya ba da shawara a asirce. Ya ce yaran yanzu sun manta inda suke zaune. Nan Jos ce, a kan dutse muke, sama da mita 1,200, ga shi Disamba. A zamaninsu, in ji shi, da asuba sai an sa kaskon garwashi a ƙarƙashin tankin gas kafin mota ta yarda ta yi tari, balle wannan 'yar firit da aka ƙera a ƙasar da kowa ke da na'urar ɗumama ɗaki. Wani dattijo ya ce wallahi haka ne. Wata gwaggo ta ce ita ma rediyonta ba ta kama tasha sai rana ta fito. Cikin minti biyu zauren ya yi ittifaƙi: sanyi ne ya kama kwamfuta.

Ni kuwa ina jin fankarta tana ihu kamar jirgi zai tashi daga filin jirgin Haifan. Zafi ne ke damunta, zafi sosai, ƙasanta ya isa a soya ƙwai. Na buɗe baki zan yi bayani, Kawu ya ɗaga mini hannu.

"Akwai garwashi a wajen masu gashi?"

"Kawu, don Allah."

"To, a tura ta. Wani lokaci batir ne."

"Ba a tura kwamfuta, Kawu."

"Shi ya sa ba ta da albarka."

Ya ba da shawarar a ɗan karkata ta gefe, ko mai zai gangaro. Ya ba da shawarar a buga mata tafi a bayanta sau biyu, ba da ƙarfi ba, irin na tashin mai barci. Ya tambaya ina fulogi yake, a goge shi. Na nuna masa soket, ya ce ba wannan ba, na ciki. Ina rantsuwa, a wannan lokaci har na ɗan ji daɗi, don idon jama'a ya bar ni ya koma kansa. Na tuna cewa a Afrilun 1998, a wani babban baje kolin kwamfuta a Chicago, ana nuna Windows 98 kafin a sake ta, aka jona na'urar ɗaukar hoton takarda, allo ya yi shuɗi a gaban duniya, Bill Gates yana tsaye a wurin. Ya yi murmushi, ya yi barkwanci, aka tafa masa. Na ce a raina ashe ina cikin manya. Abin da na manta shi ne, Bill Gates ba shi da kawu a wurin.

Kawu ya warware mafilarsa. A hankali, zagaye uku, kamar mai sauke rawani. Ya shimfiɗa ta a kan madannai, ya naɗe kwamfutar har da ramukan da take shan iska, sannan ya ɗora tafukansa biyu a kai ya danna, yana murzawa kamar mai yi wa jariri gashi.

A nan zan ɗan tsaya. Kowace babbar manhaja tana da wani mai karatu a ɓoye, wanda aka yi domin makafi: idan aka kunna shi, duk abin da aka taɓa a allo sai ya karanto shi da murya. Abu ne mai kyau, Allah ya saka wa waɗanda suka yi shi. Ana kunna shi ne da danna wasu maɓallai biyu ko uku a tare. Ni ban taɓa haddace su ba. Tafukan Kawu sun same su a tashi ɗaya.

Lasifika huɗu suka yi gyaran murya. Sai wata Baturiya, mai sanyin murya kamar ma'aikaciyar jirgin sama, ta fara karanto sunayen jakunkunan da ke fuskar kwamfutata. Hausa take karantawa da bakin Ingila. Ta ce wani abu mai kama da "hotunan baikai". Aka yi dariya. Ta karanta "takardun makaranta", ba wanda ya gane. Ina ta laluben madannai ta ƙarƙashin mafila, Kawu yana bige mini hannu yana cewa in bar ta, ta fara farfaɗowa. Sannan ta iso jaka ta uku, ta tsaya a kanta.

Kuɗin da na sayi kwamfutar nan, Naira dubu 150, a wajen Kawu na ranta, shekara biyu da suka wuce. Na buɗe jaka ina ajiye lissafin a ciki. Kuma wata rana da dare, ina jin nishaɗi, ni kaɗai a ɗaki, na sa mata suna. Sunan shi ne: Bashin Kawu, a ci gaba da ja masa rai.

Baturiya ta ce: "Bashin Kowu. Ei sai gaba da ja masa rei."

Shiru. Irin shirun da ake jin cokali ya taɓa faranti a can ƙarshen zaure. Na yi addu'a a raina, Allah ka sa bakin Ingila ya rufa mini asiri. Kuma da farko ya rufa. Na ga fuskoki suna yamutsewa, kowa yana juya kalmomin a bakinsa kamar mai neman ƙashi a cikin kifi. Ei sai gaba? Wace gaba? Da wa ake gaba a ranar biki?

Kawu ya sake dannawa.

"Bashin Kowu. Ei sai gaba da ja masa rei."

Wannan karon na ga abin ya fara kamawa daga teburin ƙawayen amarya. Wata ta dafe baki. Ta raɗa wa ta kusa da ita. Na ga maganar tana tafiya tebur zuwa tebur kamar wutar daji a kan tudun Shere, ina kallonta tana nufo teburin manya, ba ni da ruwan kashewa. Mahaifiyarmu ta sauke kofinta a hankali. Ango ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Mai ɗaukar bidiyo, Allah ya isa tsakanina da ƙwarewarsa, ya juyo da fitilarsa kaina.

Kuma a daidai nan, bayan minti ashirin na gaba da juna, uwargida da tafinta suka shirya. Ban san me ya sasanta su ba. Majigi ya yi ƙyaf, bango ya haskaka. Ga fuskar kwamfutata, faɗin ƙofar gareji. Ga jakar, an zagaye ta da layi mai haske don kada wani ya ɓata. Ga rubutun da Hausa tsantsa, babu kuskure ko ɗaya, har da waƙafi a inda ya dace. A can kusurwa kuma ga lambar girmata tana sanar da cewa wannan samfurin gwaji ne.

Tun jiya nake maimaita wannan daƙiƙa. Ina tsaye, hannuna ɗaya a cikin mafilar Kawu, ɗayan yana riƙe da wayar da ban san ta mene ce ba. Akwai maɓallin kashewa, yatsana yana kusa da shi. Akwai murfi, da na rufe shi da magana ta ƙare. Akwai wayar majigi, akwai wayar lasifika, akwai ma ƙofar fita a bayana. Ban taɓa ko ɗaya ba. Abin da na yi shi ne, na matsa gaban majigin na tsaya, wai in tare hasken da jikina. Sai rubutun ya sauka a kan farar shaddata, daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ni ne allon. Wanda bai gani da kyau a bango ba, ya karanta a ƙirjina. Baturiya kuma, ganin ba a ba ta wani aiki ba, ta sake faɗa a karo na uku.

Kawu ba ya karanta boko sosai, amma yana da jikoki. Wani ɗan shekara tara ya haye kujera ya karanto masa da ƙarfi, harafi bayan harafi, da alfaharin yaron da ya zo na ɗaya a aji.

Kawu bai ce komai ba. Ya janye mafilarsa, ya kakkaɓe ta, ya mayar wuya, zagaye uku. Ya taɓa bayan kwamfutar da bayan hannu, ya ji zafinta, ya gyaɗa kai cike da gamsuwa.

"Ka gani ko, ɗan nan? Sanyi ne. Da ta ji ɗumi ga shi har magana take yi."

Ya dube ni, ya dubi ƙirjina.

"Kuma ba ta ƙarya."

Sannan ya juya wajen mai kayan sauti, ya ɗaga sandarsa.

"Kai, ɗan ƙara mata murya. Na baya ba su ji ba."