Chaplin ya ci mini gilashin taga

Dogon hutu ne ya jawo komai. Yara sun cika gida, kowa ya duƙa a kan waya, sai ka kira mutum har ka gaji kafin ya ɗago kai. Na ce to, bari in nuna musu dariyar da aka yi tun ba a haifi kakansu ba. Gidan haya muke a Makera, bayan tsofaffin masaƙun Kakuri, irin gidan nan mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya, inda Bahaushe da Bajju da Gbagyi da Ibo ke shanya a igiya guda. Na aro na'urar haska fim wajen wani abokin aiki, na nufi masu tura finafinai a kasuwa na ce a sa mini Charlie Chaplin. Yaron ya ce, "Alhaji, mai fassarar Hausa ko na Turanci?" Na ce ai ba a magana a ciki. Ya yi shiru, sannan ya ce in ba da rabin kuɗi, shi ba ya cin haram.

Bayan sallar isha'i na kafa farin zanin gadon uwargida a bango da ƙusoshi, ita kuwa tana tsaye a bakin ƙofa tana ƙirga su da ido. Na fara da The Kid, na 1921, labarin matalaucin da ya tsinci jariri a lungu ya rene shi. Ba a yi nisa ba 'yata ta ce, "Baba, sifika ta mutu." Kafin in buɗe baki, ɗan maƙwabcinmu da ke koyon gyaran waya ya zaro sukundireba ya kwance ta. Ɗan kiɗan fiyano da ke fita a da, shi ma ya tafi. Autana ya tambaya ko duk mutanen Amurka kurame ne a lokacin. Na miƙe na yi bayani cewa sai a 1927 fim ya fara magana, kafin nan makaɗi ake zaunarwa a gaban allo yana bin hoto da kiɗa. Aka ce in matsa, kaina ya tare hoto.

Da suka ga ba wanda zai yi magana, sai suka raba muryoyin a tsakaninsu. Ɗan sanda ya sami Buroka mai kauri, yaron fim ya koma yana zagi da Hausar Tudun Wada, Chaplin kuwa aka ba shi muryar marigayi Rabilu Musa Ibro. Babban ɗana ma cewa ya yi wannan mai guntun gashin bakin Ibro yake kwaikwaya. Na ce an haifi Chaplin a Landan a 1889. Ya ce to shi ya sa bai gama iyawa ba. Amma da aka zo inda ma'aikatan gidan marayu suka jefa yaron a bayan mota yana miƙa hannu yana kuka, Chaplin na bin su ta kan rufin gidaje, duk masu fassarar nan bakinsu ya mutu. Matar da ke ɗakin ƙarshe ta ajiye wanke-wanke tana cewa Allah ya isa.

Ni dai a ganina sunan fim marar magana ƙarya ce tun asali. Duk inda aka haska shi, 'yan kallo ne ke yin maganar. Baba tsoho, wanda ya fi kowa daɗewa a gidan, ya ce haka majigi yake a zamaninsu: mota ta zo fili, a kafa allo, wani ya riƙe lasifika yana fassara da Hausa, in ya ga dama ya ƙara da nasa.

Shi Baba tsoho a masaƙar KTL ya yi aiki, wadda aka buɗe a 1957, har ta tsaya a 2002. Washegari da na sa Modern Times, na 1936, kujerarsa ya jawo gaba. A nan ne Chaplin ke ɗaure noti a kan bel mai gudu, sifana biyu a hannu, ko sosa hammata ya tsaya yi sai aiki ya wuce shi, har in an tashi hutu hannuwansa ba sa daina murɗawa. Yara suna birgima a tabarma. Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗana, wannan ba wasa ba ne. Mu ma in an tashi aikin dare ƙarar injin ce ke raka mu gida, da ihu muke gaisawa da iyali." Can sai ya tashi ya gwada musu yadda ake kama zare in ya tsinke, kafaɗa na rawa, zani na zamewa. Ranar shi ya cinye kallon, Chaplin ya zama ɗan rakiya.

Abin da ban lissafa ba shi ne sana'ar da ke cikin The Kid. Yaron yakan jefi taga da dutse ya arce, sai ga Chaplin ya ɓullo ta kwana da gilashi a goye kamar wucewa kawai yake, matar gida ta kira shi ya gyara ta biya. Ranar Asabar ina kwance da hantsi na ji taratsatsa, sannan na ji muryar matar ɗakin ƙarshe, wadda ta yi Allah ya isa. Na fito na tarar luba huɗu na tagarta a ƙasa. Autana ya ɓace. Babban kuwa ga shi yana tahowa daga zaure a tale, sanye da takalmana na zuwa ofis, ya zana gashin baki da gawayi, ya goya madubin uwarsa da igiyar shanya. Ya ɗaga hula ya rusuna, bai ce uffan ba, don a cewarsa daga baya, a fim ɗin ba a magana.

"Malam," in ji uwargida, "ga almajiranka nan."

Na biya gilashi, na biya mai sawa, na biya sifikar abokin aikina da ta dawo da ragowar sukurori a leda. Takalman kuwa uwargida ta kulle su a akwati tun da ta ji cewa a The Gold Rush, na 1925, dafa takalmi Chaplin ya yi ya ci don yunwa.

Yanzu Buster Keaton suke nema. Wani ya nuna musu guntun Steamboat Bill, Jr. na 1928 a waya, inda fuskar gida sukutum ta faɗo a kansa, ya tsira don ya tsaya daidai inda tagar take. Jiya na ga babban yana auna tagar banɗaki da taku. Na ce ba za a haska ba sai ranar da muka gina namu.