Kowa da Fuskar da Ta Karɓe Shi

Tun da Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, tsofaffin kwamfutocin Sabha ta ƙasar Libiya suka shiga zawarci. Windows 11 ta ce ba ta tarewa sai a ɗakin da ke da wani ɗan guntun abin tsaro mai suna TPM 2.0, kwamfutocin da ke hannun mutanenmu a Gurda da Mahdiya da Tayuri kuwa da yawansu gwanjo ne, sun girmi wannan sharaɗi. Sai aka koma neman Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa yana ɗalibi a Helsinki a 1991, kuma har gobe ba a biyan ko dirhami kafin a ɗauke ta. Matsalarta ɗaya: ba ta zuwa da fuska guda. Abin da ido ke gani in an kunna, wato sandar ƙasa da agogo da tagogi da wurin danna "fara", ƙungiyoyi dabam-dabam ne ke ƙera shi, kowa da nasa. A wurin zaɓen nan ne halin mutum ke fitowa fili.

A fara da mai gyara, don shi ne liman. Bahaushen Damagaram ne, shagonsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, filas ɗaya ce rataye a wuyansa tare da makullin babur. Abin da ke cikinta shi ne mazhabar unguwa: Linux Mint, da fuskarta Cinnamon, mai maɓallin farawa a ƙasa ta hagu, daidai inda Windows 7 ta saba ajiye nata. Ba ya tambayar kowa ra'ayi.

"Malam, wannan wace Windows ce?"

"Sabuwa ce, Alhaji. Ko a Tarabulus ba kowa ya same ta ba."

Alhaji ya biya, ya tafi yana godiya, kuma ba zai taɓa ganewa ba har ranar da jikansa ya zo saka wani wasa ya ƙi shiga.

Maƙwabcinsa ɗan KDE ne. Wani ɗalibi Bajamushe, Matthias Ettrich, ya kafa ta a 1996, kuma tun daga ranar masu ita suka yi rantsuwa ba za su hana kowa sauya komai ba. Mutuminmu ya ɗauki rantsuwar da gaske. Ya mayar da sanda sama, ya dawo da ita gefe, ya sa tagogi suna rawa in an ja su, ya liƙa hoton ganuwar Sabha, wadda ta kan tsohuwar takardar dinari goma, ya cire, ya sa tafkin Gabraun. Agogo uku ne a allonsa: na Libiya, na Yamai, na Makka. Takardar neman aikin da ya sayi kwamfutar dominta tana nan a layi na biyu tun azumin bara. In ka yi masa maganar, sai ya ce ai har yanzu bai gama saita wurin aiki ba.

Ɗan GNOME kuwa zahidi ne. Allonsa wayam, ko alama guda babu. Ka tambaye shi ina maɓallin da ake dannawa taga ta sauka ƙasa, sai ya dube ka da tausayi ya ce, "Ɗan'uwa, ba ka buƙatarsa." Duk abin da ka nema ka rasa, ba ka buƙatarsa. Yana da tarihi a baki: yadda wasu 'yan Meziko biyu, Miguel de Icaza da Federico Mena, suka kafa ta a 1997 saboda KDE ta jingina da kayan aikin da lasisinsu ba na 'yanci ba ne a lokacin. Abin da ba ya faɗa shi ne, da dare yana saka ƙananan ƙare-ƙare a ɓoye don ya dawo da duk abubuwan da ya ce ba a buƙata, kuma duk bayan wata shida, in sabuwar GNOME ta fito, wasunsu su mutu. Ranar ba ya fitowa shan shayi.

Akwai wani dattijo da sai an yi hattara da shi a bainar jama'a. Yakan girgiza kai ya ce, "Abin da aka yi mana a 2011, Allah ya isa." A Sabha ba a jefa irin wannan magana haka kawai, nan take za ka ga mutane sun fara waige, wani ya tuna yana da uzuri. Alhali Baba ba siyasa yake nufi ba. A watan Afrilun shekarar ne GNOME 3 ta fito ta rushe tsohuwar fuskar da ya saba da ita, har shi Torvalds kansa ya yi fushi ya ƙaura zuwa Xfce na wani lokaci. Wani ɗan Ajantina ya tsince tsohuwar ya raya ta da sunan MATE, Baba ya bi shi, bai sake waiwayowa ba. Shi ne kuma mai tuna wa yara cewa a 2006 gwamnatin Gaddafi ta yi yarjejeniyar kawo wa 'yan makaranta ƙananan kwamfutoci miliyan 1.2 masu Linux, kuma yana nan yana jiran ya ga ta ɗansa.

Sai mai maƙo, ɗan Xfce, in abin ya yi tsanani ya koma LXQt. Kwamfutarsa daga Faransa ta biyo, haruffanta a jere irin na Faransanci, an liƙa mata na Larabci a kai, rabinsu sun goge, shi kuma Hausa yake rubutawa, ga ƙ da ɗ da ɓ sai ya kwafo su daga wata tsohuwar takarda da ya adana don haka kawai. Ram ɗinta giga biyu. Ya ɗora ta a kan murafun kwalba huɗu don iska ta ratsa ƙarƙashi, yana goge mata ƙura da tsohon buroshin haƙori. Gaisuwarsa ita ce, "Taka nawa take ci in ta tashi?" Kowace amsa ka bayar, sai ya ce asara.

Ana yi masa dariya, amma ni dai a ganina shi ya fi kowa sanin garin da yake zaune. Nan zafi kan haura digiri 40 da bazara, iskar gibli ta cusa yashi cikin kowace kafa, wuta ta tafi ba sallama, man janareta kuma ba kullum ake samunsa a farashin gidan mai ba. Fuska mai rawa da walƙiya tana sa fanka ihu, batir ya zube. In aka ɗauke wuta da azahar, ɗan KDE ne farkon rufe tasa, da agogonsa uku. Mai maƙo yana nan a lungu yana aiki, yana kallon kowa ta gefen ido. Illarsa ɗaya, ba ya iya yin gaskiya shiru.

Ƙaninsa a aƙida, ko da yake ba zai yarda ba, shi ne yaron nan ɗan Jami'ar Sabha mai baƙar riga da hula a haɗe, a wannan rana. Kali Linux ya saka, don ya ji ita masu kutse ke riƙewa. Ba a gaya masa cewa tun 2019 Kali da Xfce take zuwa ba, wato fuskar mai maƙo ce aka shafa wa baƙin fenti. Abokinsa ya fi shi nisa: i3 yake amfani da ita, ba linzami, ba alama, komai sai da haɗa maɓallai. Amfaninta babba guda ne, babu mai aron kwamfutarsa sau biyu.

Hajiya mai ɗinki ba ta san sunan ko ɗaya ba, kuma ba ta nema. "Ɗana, ni dai nuna min inda zan danna in ga kuɗin da ake bina, da inda zan danna in ga jikokina a Maraɗi." Aka ajiye mata alamomi biyu manya a tsakiyar allo. A duk mutanen nan ita kaɗai ce kwamfuta ke kawo wa riba.

Na ƙarshe shi ne matafiyi. Ya shigo ta Agadas da Dirku da Gatrun, a bayan Hilux, da niyyar kwana kaɗan ya wuce Tarabulus, tafiyar sama da kilomita 700. Ya yi gini, ya yi aikin gona, yanzu har yana da yaran aiki. Bai taɓa girka Linux a cikin kwamfutarsa ba; daga filas yake tayar da ita, ya ɗanɗana, ya kashe, komai ya goge. Yau Cinnamon, gobe KDE, jibi Budgie. Kullum sai ya sake tambayar lambar sirrin intanet ɗin shago, kullum sai ya sake gyara agogo. Mai gyara ya gaji ya ce, "Yaya, don Allah kawo in girka maka guda ka huta, minti ashirin ne."

Ya ce, "Bari kawai, ƙanena. Ai wata mai zuwa zan wuce."

Ɗansa na fari, wanda aka haifa a Mahdiya, bana ya shiga aji uku.